Ledar Barau da Ganyen Inna Kubra

Akwai wani ɗan kasuwa a garin Sara ta ƙasar Gwaram mai suna Barau. Ya yi tashensa ne a shekarun da kuɗin man fetur ya fara leƙo ƙauye, lokacin da duk abin da aka ce daga Kano ya zo, to ya fi na gida. Gishiri da kanwa yake sayarwa, yawancin masu sayen kayansa kuwa masu shanu ne. Shi ya fara kawo leda kasuwar Sara, kuma abin ya hau masa kai, kai ka ce shi ya ƙera ta.

Kafin zuwan leda, da ganyen kalgo ake yin ƙunshi. Wata tsohuwa, Inna Kubra, ita ke shiga daji ta tsinko shi ta sayar wa 'yan kasuwa, da shi take ci tun rasuwar mijinta. In an gama da ganye sai a watsa shi juji, damina ɗaya ya zama taki, a kwashe da jakuna a kai gona. Haka kowa ya taso ya gani, komai ka ba juji zai cinye.

Wata ranar kasuwa Inna Kubra ta tsaya gaban rumfar Barau da kwandonta. Ta gaya masa akwai wata leda da ta maƙale a dangarta, damina ta zo ta wuce, ko gara ba ta taɓa ta ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ka dinga tattara abinka. Abin da ƙasa ta ƙi ci, cikin dabba ma ba zai ci ba. Ina ji wa shanun garin nan tsoro."

Barau ya dubi mutanen da ke wurin, ya ga suna saurare, sai abin ya ɓata masa rai. Ya sa ƙafa ya shure kwandon, ganye ya watse a ƙasa.

Ya ce, "Inna, zamaninki ya wuce. Kwashe ki kai wa awaki."

Aka yi dariya. Tsohuwar ta durƙusa tana tsince ganyenta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taya ta.

Da rani ya yi nisa sai shanu suka fara ciwo. Saniya za ta rame, cikinta ya kumbura, ta daina tuƙa, har sai an sa mata wuƙa don kada ta mutu mushe. Ba wanda ya lura cewa ledojin da ake yarwa akwai sauran gishiri a jikinsu, dabba na lasa sai ta haɗiye.

Hambali mahauci, wanda yake auren ƙanwar Barau, shi ya fara gano abin. Ya farke tumbin wata saniya ya tarar da leda ta dunƙule kamar ƙwarya. Ya naɗe ta a tsumma ya kawo wa surukinsa a ɓoye.

Barau ya gani, ya kuma gane. Ya san in masu shanu suka ji, kasuwarsa ta mutu. Ya haƙa rami a jujin bayan rumfarsa ya binne dunƙulen, sannan ya gaya wa Hambali cewa ranar da maganar ta fita, ranar ƙanwarsa za ta bar gidansa. Hambali ya ja bakinsa ya tsuke.

Da Barau ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma mutane suna neman dalili, shi kuma ya fi so su same shi a wani wuri. Sai ya shiga tuna wa masu shanu maganar Inna Kubra. Wa ya ambaci shanun garin nan tun suna lafiya? Wa leda ta kashe wa sana'a? Bai taɓa furta kalmar maita da bakinsa ba, ya dai share hanya wasu suka ƙarasa.

Ranar da saniyar wani mai shanu ta kwanta, aka je aka janyo tsohuwar har bakin kasuwa. Aka ce sai ta tsallake saniyar sau uku, yadda ake sa wadda ake zargi da maita ta saki kurwar da ta kama. Ta rantse, ta yi kuka, ba wanda ya saurara. Ta tsallaka sau biyu da ƙyar. A na uku ƙafarta ta harɗe, ta faɗi da baki, haƙorinta ya fita.

Barau na tsaye a rumfarsa yana auna gishiri. Da ta ɗago kai suka haɗa ido, ya kau da fuska.

Saniyar dai ba ta tashi ba, sai aka ce tsohuwar ce ta ƙi saki. Aka daina gaishe ta, aka hana ta ɗiban ruwa a rijiyar unguwa. Kafin damina ta faɗi ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta koma Kangire, wurin 'yarta Zahara'u. Shanu ba su daina mutuwa ba, aka ce ai mugun bakin da ta bari ne.

Shekara huɗu Barau yana bunƙasa. Ya sayi shanun huɗa guda biyu da ba irinsu a Sara, ya ɗaure su a gida, don shi ya san abin da ke kashe na mutane. Jujin bayan rumfarsa kuwa ya cika ya yi baƙi, ya hana kowa ɗiba. A ransa ya tabbata juji ya gama aikinsa kamar kullum.

Da bazara ta zo sai ya sa masu jakuna suka kwashe jujin kaf zuwa gonarsa, ya ce a ɗaure shanun a can su ƙara mata taki. Shi kuma ya tafi Kano saro kaya, ya yi mako uku.

Ya dawo ya tarar da gonarsa kamar an yi shanya. Iska ta kwashe ƙasar sama, leda ta fito ko'ina, baƙa ƙirin amma ba abin da ya same ta. Ga sharar gishirin rumfarsa a jikin ledar, ga yunwar bazara. Shanun nan biyu na kwance, cikinsu kamar ganga.

Aka kira Malam Abdulsalami, malamin gona daga Birnin Kudu, amma aikin gama ya gama. Hambali ya yanka su, ya farke tumbin farko a gaban jama'a, leda ta zubo. Malamin ya yi bayani cewa akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa da cikin dabba waɗanda ido ba ya gani, su ke cinye ganye da kara su mai da su taki, amma leda ta gagare su. Ya ce tana iya daɗewa fiye da wanda ya yar da ita.

Hambali ya ajiye wuƙa, ya taka zuwa gefen gona, ya ɗauko wani dunƙule da jakuna suka kwaso tare da taki. Tsumman da ya naɗe shi da shi ya ruɓe tuni, amma dunƙulen na nan yadda yake. Yana hawaye ya faɗi komai. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Daga ranar ba mai shanun da ya sake tsayawa a rumfar Barau. Amma ba wannan ne ya hana shi sukuni ba, fuskar tsohuwar ce da jini a baki. Ya hau keke ya tafi Kangire neman gafara.

Zahara'u ta fito zaure, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta gaya masa Inna ta rasu bara. Ta ce har ta bar duniya ba ta ƙara yarda ta ɗauki jikokinta ba, don kada wani ya yi zazzaɓi a ce ita ce.

Barau ya durƙusa ya ce, "To ke ki yafe mini a madadinta."

Zahara'u ta ce, "Ba ni ka sa na tsallake saniya ba, Malam. Mai haƙƙin tana can, sai kun haɗu."

Ta juya ta shige gida, ta bar shi a durƙushe.

Darasi: Haƙƙin wanda aka zalunta ba ya ruɓewa don an binne shi, kuma ba kullum ake samun mai shi da rai ba. In ka cuci wani, nemi gafararsa yau. Sannan ledar da ka yar, wata dabba ce za ta haɗiya, ka tattara abinka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta, Allah ya raba mu da ɗaukar alhaki.