Sunan da Raƙumin Dawa Ya Ba da Aro

Dalilin da ya sa raƙumin dawa ba shi da sunan kansa, sai an raɓa shi da na wani, shi zan gaya muku yau. Ku daina wannan dariyar, yara, labarin ba na dariya ba ne.

A zamanin da, shi kaɗai ne Raƙumi, babu wata dawa a jikin sunansa. Ɗan fari ne wurin uwarsa, ga tsawo, ga murya mai daɗi. Wannan da kuke gani yau ɗauke da kaya kuwa ɗan ƙanwar uwarsa ne, maraya, ko suna ba a raɗa masa ba. Mai-tozo kawai ake ce masa, saboda tozon da ke bayansa.

Wata rana ayarin wani madugu mai suna Jatau ya sauka a bakin dawa, suna neman mai ɗaukar musu gishiri. To, fatake ba sa ɗora kaya a kan marar suna, don in ya gudu ba su san wanda za su yi cigiya ba. Sai Mai-tozo ya zo ya durƙusa gaban Raƙumi.

"Yaya, ara mini sunanka, tafiya ɗaya tak. Ina dawowa zan miƙo maka abinka."

"Ni kuma a kira ni da me?"

"Dogo mana. Ai duk wanda ya gan ka ya san kai ne."

Tausayin maraya ya kama Raƙumi, ya ba shi. An ce alheri gadon barci ne, amma shi dai ƙaya aka shimfiɗa masa.

Da ayarin ya dawo, Mai-tozo ya yi ɓul-ɓul, yana tafiya yana ɗaga hanci, fatake sai "Raƙumi, Raƙumi" suke yi. Dogo ya tare shi ya ce a ba shi sunansa. Mai-tozo ya ci gaba da tuƙarsa ya ce, "Wane suna kuma, Dogo?"

Magana ta kai gaban madugu. Madugu ya ce shaida ɗaya zai karɓa, ta uwa. Dogo ya ji sanyi a ransa, don wa ya fi uwa sanin sunan ɗanta? Aka kira ta, madugu ya nuna shi.

"Baiwar Allah, wannan ɗan naki, yaya sunansa?"

Uwar ta sunkuyar da kai. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ko su biyu a ɗaki, balle a gaban baƙin maza.

"Inna, faɗa musu," in ji Dogo. "Sau ɗaya kawai, Inna."

Ta buɗe baki, ta rufe. Can ta ce, "Ai yaron nan ne. Dogon nan."

Madugu, wanda dama ba ya son rasa mai ɗaukar gishirinsa, ya miƙe ya kaɗe riga. "To, uwa ta faɗa. Dogo ne."

Ayari ya tashi da sunan. Baƙin ciki ya cika Dogo, kuma ba cin amanar Mai-tozo ne ya fi ƙona masa rai ba. Da yamma uwar ta kawo masa ganye ta ce, "Kai yaro, ci mana." Ya dube ta ya ce, "Inna, kin tsira da kunyarki, ni na rasa sunana." Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Daga baya matafiya suka riƙa hango shi suna cewa, "Ga wani kamar raƙumi, amma na dawa." Mai abu ya koma ana kwatanta shi da wanda ya ara.

Shi ya sa har yau ake ce masa raƙumin dawa, kuma da wuya ku ji kukansa. Yana nan tsaye cikin itatuwa, wuya a miƙe, yana jira uwarsa ta kira shi sau ɗaya.