Matar da Ta Amsa wa Likita da Gaisuwa

Akwai wata mace a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunanta Briskila. Noman citta take yi, ita da mijinta Istifanus, kuma ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu. In ta ɗaga murya ranar Lahadi, masu kaɗa tulu sukan gyara zama. 'Ya'yansu duk sun girma sun koma birni, saura su biyu a gida, sai awaki huɗu masu taurin kai.

Wata shekara, bayan an haƙe citta, ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Aka kai ta babban asibiti a birni, aka duba, aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki, aka yi ta sa mata ruwan magani wata da watanni, gashinta ya zube ya sake tsirowa. Da ta dawo gida ta ɗan murmure, sai ta tsaya gaban jama'a a majami'a ta ba da shaida, ta ce Ubangiji ya fisshe ta daga bakin kabari. Mata suka rangaɗa guɗa, Istifanus ya share ido da hularsa. Daga ranar nan, duk wanda ciwo ya kwantar a ƙauyen, sai a ce masa ya dubi Briskila ya yi ƙarfin hali.

Amma magani bai ƙare ba. Likitanta ya ba ta waɗansu ƙwayoyi, ya ce za ta sha kowace rana har shekara guda.

"Mama, ki saurare ni da kyau," in ji shi. "Abin da ido yake gani mun cire. Wanda ido ba ya gani, shi ne aikin wannan magani. Ruwan da muka sa miki a da, komai yake bugu. Wannan kuwa cutar yake bi, kamar yadda kike bin ciyawa a gonar citta ki bar shukar. Sai dai a hanya yakan taɓa ciki, da baki, da fata. In ya dame ki, ki faɗa mini. Kada ki daina, kada kuma ki rage da kanki. Kowane wata ki zo in gan ki."

"To, likita. Allah ya saka da alheri."

Ba a yi sati biyu ba sai ga gudawa. Sau shida, sau bakwai a yini tana hanyar bayan gida. Bakinta ya yi miki, har tuwo da miya mai ɗan yaji ya zama mata azaba. Tafin hannunta ya yi ja ya tsattsage, ta kasa riƙe fartanya. Gajiya kuwa, ko tsintsiya ta ɗauka sai ta nemi wurin zama. Istifanus yana gani, yana kawar da kai, gama a inda ya tashi namiji ba ya tambayar matarsa sau nawa ta zagaya. Ya faskara mata itace, ya ɗebo mata ruwa, ya ɗauka ya yi iyakar abin da miji yake yi.

Da wata ya cika, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta shafa man kaɗanya a leɓe, ta lulluɓe hannuwanta cikin mayafi, ta shiga mota. A asibiti layi ya yi tsawo. Da aka kira ta, ta tarar likita yana rubutu.

"Mama Briskila, sannu da hanya. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, likita. Mun gode Allah."

"Maganin bai dame ki ba?"

"Sai godiya."

Kada ku ce ta yi niyyar ƙarya. Haka aka koya mata, haka aka koya mana duka. Sau nawa muka ga mutum a kan tabarma, numfashi da ƙyar yake fita, a ce masa yaya jiki ya ce da sauƙi, masu gaisuwa ba su kai gida ba a aiko cewa ya cika? Ban da wannan, ita ce ta ba da shaida gaban ikkilisiya, sai take gani in ta buɗe baki ta ce ga gudawa ga miki, ta ƙaryata Ubangiji ke nan. Ga shi kuma likitan sa'an ɗanta ne, da wane baki za ta yi masa zancen bayan gida? Likita ya rubuta cewa magani ya karɓe ta, ya sake ba ta na wata guda daidai da na farko.

Ana nan, wata rana ta manta ba ta sha ba, washegari ta ji cikinta ya ɗan lafa. Sai dabara ta zo mata. Ta daina sha ranar Asabar, domin ta iya tsayawa ta ba da waƙa ran Lahadi ba tare da ta fita da sauri a tsakiyar wa'azi ba. Bayan haka ta ƙara da Laraba, saboda taron zumuntar mata na Alhamis. Sai jajiberin kasuwa. Sai satin bikin 'yar maƙwabta, da yake ita ce kan girki. Kafin wata uku, ranakun da take hutawa sun fi ranakun da take sha. Ƙwayoyin da suka ragu ba ta zubar ba, ta ƙulle su a tsumma tana jefawa cikin wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gado. A ranta tana cewa ai kaɗan ma yana aiki, Allah zai cika sauran. Duk da haka mikin bakin bai warke ba, abinci bai shiga ba, ta yi ta ramewa. Kowane wata ta je, ta ce da sauƙi, ta karɓo sababbi.

A wata na biyar ta tarar likita ya shiga ɗakin tiyata, aka ce ta fara ganin nas. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai ƙaramin jiki, ana ce mata Sista Damaris, ta kusa barin aiki, kuma ba ta iya dogon zance ba. Ta ɗora Briskila a kan sikeli, ta dubi katinta, ta sake duban sikelin.

"Yaya jiki, 'yar'uwa?"

"Da sauƙi, Sista."

Damaris ta tashi ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna gab da ita, gwiwa da gwiwa.

"To, mun gama gaisuwa. Yanzu tambaya zan yi. Jiya me kika ci?"

"Kunu."

"Shekaranjiya fa?"

Briskila ta sake cewa, "Kunu."

"Ba ni hannunki."

Babu yadda za ta yi, ta fito da shi daga mayafi. Damaris ta juya tafin, ta duba, ta ce ta buɗe baki, ta duba nan ma. Fuskarta ba ta sauya ba.

"Sau nawa kike zagayawa a yini?"

"Ranar da na sha, ko ranar da ban sha ba?"

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama ta. Damaris ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma saki hannun ba. Ta ce, "Ashe akwai ranar da ba kya sha. Faɗa mini tun daga farko." Briskila ta sunkuyar da kai ta faɗi komai, da Asabar, da Laraba, da tukunyar ƙarƙashin gado. Kunya ta rufe ta, tsoro kuma ya kama ta, gama sai da ta ji abin da bakinta ta gane girmansa. Ta yi kuka sosai, Damaris ta bar ta ta gama.

Da likita ya fito aka gaya masa, ya ajiye biro ya juyo wurin Briskila.

"Mama, gudawar nan akwai maganinta, 'yar ƙaramar ƙwaya ce. Bakin akwai abin kuskurewa, hannun akwai man shafawa. In duk ba su isa ba, da na rage miki ƙarfin maganin daidai yadda jikinki zai ɗauka, ki riƙa sha kullum. Da kin faɗa mini a watan farko, aikin minti biyar ne." Ya ɗan numfasa. "Ni ma da laifina. Ina tambayarki ina rubutu, ko hannunki ban nema ba."

Ya sa aka ɗauke ta hoto, aka ɗebi jini. Bayan sati biyu ta koma, wannan karon tare da Istifanus. Likita ya ce an ga wani ɗan ƙullutu a hammatarta, cutar ta dawo.

"Likita, rashin shan ne ya jawo?" in ji Briskila.

"Ba zan rantse miki ba. Akwai masu sha kullum ta dawo musu. Amma dai mun ba ta fili, ni da ke."

Aka koma sa mata ruwan magani, gashinta ya sake zuba. Sai dai yanzu in ta shiga wurin likita, bayan an gaisa sai ta zayyana masa duk abin da jikinta ya yi tun zuwanta na baya, ba ta rage ko ɗaya. Ta koyi cin abinci kaɗan kaɗan sau da yawa, ta bar yaji da mai, in gudawa ta taso ta sha maganinta ta bi da ruwan gishiri da sukari. Istifanus ma ya koyi tambaya, ko da yake har yanzu in zai yi ta, awaki yake kallo. A majami'a ta bar wa wata ba da waƙa, ta koma kujerar baya kusa da ƙofa. In mata suka tambaye ta jiki, takan ce, "Yau baki ne ya dame ni," ko kuwa, "Jiya ban iya tashi ba." Waɗansu suka riƙa cewa bangaskiyar Briskila ta yi sanyi. Ta ji, ta ci gaba da zuwa asibiti a kan lokaci. Nan labarin ya tsaya, tana kan magani, ba wanda ya san ƙarshensa sai Allah.

To, ga abin da misalin nan yake nufi.

Briskila ni ce, kai ne, ke ce. Dukanmu mun iya amsa mai kyau. Mukan durƙusa gaban Ubangiji mu ce mun gode, mun gode, mu tashi mu kaɗe gwiwa, alhali abin da yake cinmu ko sunansa ba mu ambata ba. Gaisuwa muka yi, muka kira ta addu'a. Shi da ya yi cikin mutum da bakinsa da tafin hannunsa, ba ya ƙyamar jin labarinsu. Wanda ya ce, "Ya Ubangiji, abin ya fi ƙarfina," bai ƙaryata shaidarsa ta jiya ba. Allah ya cece shi jiya, yau kuma yana bukatar taimako, duka biyun gaskiya ne.

Tukunyar ƙarƙashin gado ita ce dabarar da mukan yi a ɓoye sa'ad da abin da aka umarce mu ya yi mana nauyi. Ba mukan ƙi gaba ɗaya ba, mu masu ladabi ne. Mukan ɗan rage nan, mu ɗan rage can, kowace ragi da dalilinta mai kyau, har da dalilin aikin Allah. Ku lura, domin waƙar yabo Briskila ta fara tsallake maganinta.

Ina kuma so ku ɗauki maganar yadda take, ba sai an fassara ba. In akwai mai shan magani a cikinku, na daji ko na wani ciwo mai daɗewa, kuma maganin yana wahalshe ki, ki je ki faɗa wa wanda ya ba ki. Ki faɗa da sunansa, gudawa ce, amai ne, miki ne. In kunyar likita kike ji, ki nemi nas mace, ko ki tafi da 'yar'uwa ta faɗa a madadinki. Hikimar da suke aiki da ita Allah ne ya ba su, amma bai ba su sanin abin da kika ɓoye a mayafi ba. Wahalar magani sau da yawa tana da sauƙin gyara in an ji ta da wuri.

Saura mu masu tambaya. Mijin Briskila yana ƙaunarta, likitanta ya san aikinsa, matan zumunta kuwa kullum suna yi mata addu'a. Duk sun tambaye ta jiki, duk sun karɓi amsar farko sun wuce, domin amsar farko ta fi daɗin ji, ba ta kuma ɗora wa kowa aiki. Wata biyar matar nan tana ramewa a gaban idonsu, cutar kuwa ba ta jira kowa ba. Mutum ɗaya ce kawai ta rufe ƙofa ta zauna, ita ma sai a wata na biyar.

Yau bayan sujada waɗansunku za su biya ta gidan mai ciwo. Za ku ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Kada ku juya tukuna. Ku nemi wuri ku zauna, ku sake tambaya.