Tayar da Aka Sake wa Zane

"Kada ki bari yarana su shiga bas ɗin Muhammadu Lawan."

Ina bakin murhu na ji wannan maganar, ranar da za a kai amarya Meram, 'yar unguwarmu, ɗakinta a Gadaka. A hankali aka faɗe ta, kamar ana cewa a rage gishiri. Har yau tana kunnena.

Ya 'yan uwana mata, ni ba malama ba ce, kun san ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma ku saurara.

An yi wani mutum a garin nan mai sayar da taya kusa da tasha. Ba zan kama sunansa ba, domin mahaifina ne. Sahun gaba yake salla. Ba ya zagi, ba ya hayaniya.

Yana sayen tsofaffin tayoyin da kwalta ta cinye har suka yi sumul. A bayan gidanmu yake aikinsu. Ya sa ƙarfe a wuta, ya bi tayar yana yanka mata sabon zane. Ya kankare lambar da ke nuna shekarar da aka yi ta, ya shafe ta da baƙin man takalmi har ta yi ƙyalli. Warin ƙonanniyar roba shi ne warin gidanmu. Da shi muka tashi, mun ɗauka haka sana'ar take.

Da farko baƙi yake sayar wa, direbobin da ke wucewa ba za su dawo ba. Zunubi kuwa ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Da hannu ya saba, sai ido ya daina bambance baƙo da ɗan gida.

Muhammadu Lawan maƙwabcinmu ne, kwano ɗaya suke ci da Baba. Ana jibi biki ya zo gida neman tayar gaba. Ni na kai musu ruwa. Yana dariya yana tsokanar Baba, wai ya zaɓo masa ta kirki, kaya masu tsada zai ɗauka, 'yan matan unguwa kaf. Ko duba ta bai yi ba. Ya ce, "In kai ka ba ni, me zan duba, Alhaji?"

Baba ya mirgino masa ɗaya daga bayan gida.

Ranar kai amarya Inna ta sa mu a ƙaramar motar kawunmu, kamar yadda aka ce mata. To kun san yadda kai amarya yake. Ana guɗa, ana jan juna, kowa na neman inda ƙawayenta suke. Ƙawayen yayata, Yaya Baraka, suka leƙo ta tagar bas suna ce mata 'yar Alhaji, ta fi ƙarfin zama da talakawa. Ta yi dariya, ta miƙa mini jakarta, ta ce in riƙe mata mu haɗu a can. Ta fita, ta shiga bas ɗin.

Rana ta take, kwalta ta yi zafi. Muna bayansu, muna jin waƙarsu. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Bas ta yi hagu, ta yi dama, ta bar titi.

Ba zan faɗi abin da na gani ba. Yaya Baraka ba ta dawo ba, ita da wasu 'yan mata biyu na layinmu. Muhammadu Lawan ya rasa ƙafa.

Gari ya ce gudu yake yi. Da ya fito daga asibiti, a kan sanda ya zo ƙofar gidanmu yana kuka, yana roƙon Baba ya yafe masa. Ina bayan labule. Baba ya dafa shi ya ce ya yafe, ƙaddara ce.

Ya 'yan uwa, wace irin zuciya ce ke karɓar neman gafarar wanda ta cuta?

Allah ba ya barci. Direbobi suka ɗauko ragowar tayar daga daji. Suka buɗa zanen, suka ga sawun ƙarfe ya ci har cikin waya. Ba su doki Baba ba, ba su ƙona shagon ba. Daina zuwa kawai suka yi. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa. Shago ya rufe. Inna ta koma gidansu. Yanzu yana zaune a zaure, ya rame, ba mai yi masa sallama. Ni ke kai masa abinci.

Darasin a fili yake. Mai algus yana ganin kayan ya sayar ya rabu da su, alhali suna kan hanya suna zagayowa. Ku gaya wa mazanku da 'yan uwanku direbobi: kada ƙyalli ya ruɗe su. Su nemi lambar shekara, in an kankare su bar ta. Su sa yatsa cikin zanen su ji ko yanka ne. Tsohuwar taya ba ta gaban mota ba ce, ko wa ya ba ka ita. Wanda kuma ya san da aibi a kayansa, ya faɗa tun bakinsa na da amfani.

Ya Allah ka tsare mu da cin amanar wanda ya yarda da mu, ka jiƙan waɗanda suka tafi, ka kiyaye mu da aikin hannunmu.

Na daɗe ina ajiye masa kwano in juya, don ina tsoron amsar tambayar da ke raina. Jiya ban juya ba. Na durƙusa, na kasa kallon fuskarsa, na kalli tabarma.

Na ce, "Baba, ranar da ka ce kada yaranka su shiga motar nan, 'ya'yan wa ka yarda su shiga?"