Yarjejeniyar Nomau da Gawo

Dalilin da ya sa gawo yake tuɓe ganyensa da damina, alhali kowace bishiya ta yi kore shar, shi zan gaya muku yanzu, in dai za ku daina mintsinin juna.

A da can, gawo ba shi da wannan hali. Ruwa na sauka zai cika da ganye kamar kowa, gindinsa ya yi duhu ko da rana tsaka.

To, a wani ƙauye akwai manomi mai suna Nomau. Gonarsa 'yar ƙarama ce, ita kaɗai ya gada, ga wani ƙaton gawo ya kafe a tsakiyarta. Duk geron da ya shuka a ƙarƙashinsa sai ya fito siriri, ya yi rawaya, ya mutu ba ko zangarniya. Kowace shekara rumbunsa kan ƙare tun kafin shuka, yara su koma cin tafasa.

Da lokacin sassabe ya zo, matarsa Delu ta ce, "Maigida, bana ma barin gawon nan za ka yi? Inuwa zan tuƙa wa yaran nan?"

Maganar ta yi wa Nomau zafi, don gaskiya ce. Ya wasa gatari, ya nufi gona. Ya ɗaga hannu ke nan sai ya ji an ce, "Haba Nomau! Ni da kakanka ya huta a gindina?"

Nomau bai ko razana ba. Mai yunwa a gida ina ya ga lokacin tsoro? Ya ce, "Baba Gawo, ka yi haƙuri. Gero rana yake so, kai kuma ka tare ta. Ko kai ko 'ya'yana."

Gawo ya ce, "In na bar maka rana duk damina fa?"

"Ta yaya?"

"In tuɓe. Amma da sharaɗi. Ba za ka sare ni ba, kuma duk ɗana da ya tsiro a gonar nan, ka ɗaga fartanya ka wuce shi."

Nomau ya ce, "Na yarda. In ka saɓa kuwa, gatarin nan bai yi nisa ba."

Ruwan fari na sauka, gawo ya karkaɗe jikinsa, ganye ya zube kaf, ya ruɓe a ƙasa ya zama taki. Wayyo, ku zo ku ji dariya! Tsamiya ta ce, "Kowa ya yi ado, kai ka tsaya tsirara?" Kanya ta ce ai tsufa ne ya taɓa shi. Kunya ta kama gawo ƙwarai, amma ya daure, bai fitar da ko ganye ɗaya ba.

Geron gindinsa kuwa ya tashi ya wuce kan mutum, zangarniya kamar damtse. Nomau ya cika rumbu, har Delu ta kai ragowa kasuwa.

Maƙwabta suka zo suka zagaya, suka ga bishiya ba ganye, suka ce, "Ashe mataccen gawo ne sirrin!" Ba wanda ya tambaya. Kowa ya ruga gonarsa ya tura wuta a gindin nasa gawon, wai shi ma ya mutu ya kawo albarka. Nomau na cewa, "Jama'a, ku tsaya, nawa da ransa," suna cewa baƙin ciki yake yi musu.

Da rani ya yi, sauran bishiyoyi suka bushe ƙayau. A nan gawon Nomau, wanda ya zura saiwarsa can ƙasa inda ruwa yake, ya fito da ganye sabo fil, ya yi ta zubo 'ya'ya. Tumaki da awakin gidan suka tare a inuwarsa, suna ci suna zuba wa gona taki, suka yi ƙiba har mahauta na biyo Nomau gida. Maƙwabta kuwa suka tashi da itacen girki, iska ta kwashe musu ƙasar gona.

Sai ga su sun dawo da kai a sunkuye. Nomau bai yi musu gori ba. Ya ce, "Ku je ku duba gonakinku da kyau. Ƙananan da kuke sarewa kowane sassabe suna nan suna tohowa. Ku bar su, ku rage musu rassa kawai."

Shi ya sa har yau gawo yake tsayawa tsirara cikin ruwa, ya bar wa gero rana, sai rani ya yi ya sa rigarsa. Shi dai bai taɓa saɓa alkawari ba, ko shekara ɗaya. Saura namu. Gobe in kuka bi iyayenku noma kuka ga ɗan gawo ya leƙo tsakanin kunyoyi, ku ɗaga fartanya ku wuce.