Kwandon 'Yan Tsaki a Gidan Inna Tabawa

An ce a wani gari na bakin gulbi, sunansa ya shige mini yanzu, akwai wata tsohuwa Inna Tabawa mai kiwon kaji. Wata rana ta sayo 'yan tsaki marasa uwa a kasuwa, ta shafa musu jar galura saboda shirwa, ta kife su da kwando a tsakar gida, ta ɗora dutse a kai.

A gidan akwai wata tsohuwar agwagwa da kowa ke kira Gwaggo, ita ce mai ba Zakara shawara. Tana kiwo a bakin magudana sai ga shi yana tafe yana hura wuya.

Ya ce, "Gwaggo, tun yaushe ake ɓoye mini talakawa a ƙasata? Zan sa Bunsuru ya tunkuye kwandon nan, yaran su fito su gaishe ni."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in sun fito wa zai tsare su?"

"Ba ki ga jan da ke bayansu ba? Ai an gama tsaro."

Gwaggo ta runtse ido. Ta san idan kwandon ya faɗi yau, da wuya ɗaya ya kai gobe. Ta ce, "Haka Barau maɗinki ya ce. Zauna ka ji labarinsa.

"Barau ya sayo 'yan tsaki kamar waɗannan, ya rina su ja, ya nufi wajen kajinsa zai sake su. Maƙwabciyarsa Ladidi ta leƙo ta katanga ta ce, 'Malam Barau, kife su tukuna a inda kajin za su riƙa ganinsu ba su taɓa su ba, sai sun saba.' Ya ce, 'Ladidi, kin raina galurar nan. Mai sayarwa ya rantse mini ba abin da zai ɗauke su.' Ta ce, 'To bari in ba ka labarin Dandawo mai lambu.

"'Tsuntsaye sun addabi lambun Dandawo, sai ya kafa mutum-mutumi, ya sa masa tsohuwar rigarsa da malfa. Tsuntsaye suka watse. Daɗi ya kama shi, ya daina zagaya lambun, yana zaune a kasuwa yana yabon dabararsa. Ran da ya je haƙar dankali bai sami komai ba. Ya ɗaga rigar mutum-mutumin, sai ga ramin gafiya a gindinsa, har ta haihu a inuwar. Malam Barau, galurarka maganin mai dubowa daga sama ce. Mage ba ta sama take zuwa ba.'"

Zakara ya katse ta: "Shi Baraun nan, zakaransa ya kai ni girma?"

Gwaggo ta ce, "Ba zancen zakaransa ake ba."

"Ina tambaya ne kawai."

Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta ci gaba. "Barau ya yi dariya ya ce shi ba dankali yake kiwo ba, ya zazzage 'yan tsakin a tsakar gida. Kajin ba su taɓa ganin jajayen halittu irin waɗannan ba, suka yi musu caa da sara. Yaran ba uwar da za su shige ƙarƙashinta, suka gudu bayan rumbu. Can kuwa mage take kwana. Da Barau ya dawo daga sallar la'asar, sai jan gashi ya tarar a ƙasa. Ka san abin da ya ce wa Ladidi? Wai galurar ce jabu. Ranka ya daɗe, mage ta ci su, amma kajin gida ne suka kai mata."

Zakara ya ce, "Matana ba haka suke ba."

Gwaggo ta nuna masa kwandon da baki. Ga uwargidansa, wata wake-waken kaza, tana zagaya shi tana cusa baki ta ƙofofin saƙa, 'yan tsakin sun dunƙule a tsakiya suna kuka. A kan katanga kuma wani baƙin muzuru ya miƙe kamar mai barci, wutsiyarsa kaɗai ke motsi.

Zakara ya daɗe yana kallo, wuyansa ya sauka. Ya ce, "Sai yaushe ke nan?"

"Sai sun yi fiffike, sai kuma ran da matanka suka wuce kwandon ba su waiwaya ba. Ko a ranar, kai za ka tsaya a kansu."

Ya ce, "Gaskiyarki, Gwaggo. Kwando ya zauna, kuma duk lokacin da wancan ya sauko daga katanga zan yi ta cara har Inna ta fito da muciya." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Amma matan nan ba za su ji daga bakina ba. Bari in tara miki su, ki sake ba da labarin tun daga farko."

Gwaggo ta dube shi, ta tsoma kanta cikin ruwan magudana, ta daɗe ba ta ɗago ba.