Nomau da Ƙadangaren Bakin Karofi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ubansa ya rasu ya bar masa gona, amma wace irin gona! Tsakuwa zalla, da wani faffaɗan dutse a tsakiya. In ya shuka gero, ko kaza ba ta ƙoshi. Shi da matarsa Ladidi suka yanke shawara, in bana ma haka ne, sai su naɗe tabarma su tafi birni. Nomau kuwa ba ya son rabuwa da ƙasar ubansa, abin na cin ransa.

Sai ya je wajen Gwaggo Tabawa, wata tsohuwa mai rini, wadda hannuwanta suka rine har gwiwa. Ta ɗebo irin baba, wato ganyen da ake rini da shi, ta ce, "Ungo, ɗan nan. Wannan ba ya raina ƙasa. Ka kewaye gonar da lalle, ka sa auduga ta gangare."

To, a kan dutsen nan akwai Ƙadangare. A zamanin nan fari-fari yake kamar toka. Shi dai burinsa Nomau ya tafi, ya bar masa dutsensa ya sha hantsi ba mai damunsa.

Baba ya tsiro. Ƙadangare ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, ciyawa kake wa noma? Tuge ta ka huta!"

Nomau ya ruga. "Gwaggo, ciyawa ce ta fito!"

"Wa ya gaya maka?"

"Ƙadangare."

"Ƙadangare ya taɓa rina ko tsumma? Koma ka jira."

Ya koma ya jira. Baba ya yi ganye luf-luf. Nomau ya yanka, Ladidi ta daka, suka dunƙula suka shanya. Gwaggo ta dogaro sandarta ta nuna masa yadda ake haƙa karofi, ramin rini ke nan. Aka zuba ruwan toka, aka zuba baban, aka rufe.

Bayan 'yan kwanaki wari ya tashi, kumfa ta taso. Ƙadangare ya toshe hanci ya ce, "Maƙwabci, ya ruɓe! Kwashe ka zubar!"

Nomau ya ruga. "Gwaggo, ya ruɓe!"

"Wa ya gaya maka?"

Yara, wa ya gaya masa?

Ƙadangare!

"Ƙadangare ya taɓa rina ko tsumma? Warin nan ai albishir ne. Koma ka motsa."

Duk audugar da suka samu, Ladidi ta kaɗa ta, aka saƙa farin zane guda ɗaya tak. Shi ke nan arzikinsu na shekara. Nomau ya yi bisimilla ya tsoma. Da ya ɗago, sai ga zane kore shar!

Ƙadangare ya kwashe da dariya har da faɗuwa. "Wayyo zanen Ladidi! Maƙwabci, in taya ku ɗaure kaya?"

Nomau ya zabura. Ya saɓa zanen a kafaɗa ya zura da gudu, hawaye na zuba, iska na kaɗa zanen a bayansa.

"Gwaggo, na kashe mu! Kore ya fito!"

Gwaggo ta dube shi, ta dubi kafaɗarsa, ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Wane koren? Sauke ka gani."

Ya sauke. Shuɗi ne, mai kyau, sai ɗaukar ido yake.

"Haka baba yake, ɗan nan. Kore yake fitowa, sai ya sha iska ya nuna kansa. Je ka ƙara tsomawa."

Da Ƙadangare ya hango shuɗin zane, haushi ya kama shi. Ya lallaɓa bakin karofi zai tura ƙasa ciki. Santsi ya kwashe shi, tsulum! Ya fito kore, yana cewa ai wannan wanka ɗaya ne. Iska ta busa, jikinsa ya rine. Ya ruga ya ɓuya don kunya, ya cusa kai cikin ƙwaryar lallen da Ladidi ta kwaɓa, ya wuni a ciki. Da ya zaro, kai ya yi ja wur.

Nomau da Ladidi ba su je ko'ina ba. Mutane suka riƙa kawo tufafi a rina musu, suna ba da hatsi da wake. Zanen farko kuwa, da shi Ladidi ta goya ɗanta. Gwaggo tana zuwa ta zauna a inuwar lalle tana faɗa, Nomau yana cewa to.

Shi ya sa har gobe za ku ga ƙadangare, jiki shuɗi, kai ja, yana gyaɗa kai. Gwaggo yake ba amsa, ya yarda bai taɓa rina ko tsumma ba sai kansa. Ku kuma in za ku koyi sana'a, ku tambayi mai tabon ta a hannu, kada ku tambayi mai shan hantsi.

Ƙurunƙus kan jan ƙadangare! Wanda bai tashi ya kwanta ba, gobe shi zai motsa karofi.