Irin Tumatirin Baba Ezekiel

Akwai wani dattijo a Unguwar Kanawa, Baba Ezekiel. Da ya yi ritaya sai ya kafa rumfar leda a bayan gidansa yana noman tumatir. Ƙasar wurin tana da cutar yaushi, wata fumfuna da ke shiga ta saiwa ta kashe shuka tana tsaye. Shi ya sa 'yarsa Comfort ta sayo masa irin kamfani mai jure cutar.

Tumatir ya yi kyau sosai. Shi kuwa Baba, wa ya isa ya ce irin ne? Hannunsa ne!

Ya zaɓi manyan 'ya'yan, ya matse, ya shanya ƙwayar a tabarma yadda ake yi a ƙauyensu.

Comfort ta ce, "Baba, wannan irin aure aka yi masa. In ka sake shuka 'ya'yansa, ba duka ne za su gaji juriyar ba."

Ya ce, "Ubana bai taɓa sayen iri sau biyu ba. Ke za ki koya min noma?"

Ya cika gwangwani ya kai wa Naomi, matar ƙanensa marigayi, a Kawo. Ƙaramar rumfarta ce abincin marayunta, ita ma ƙasarta tana da cutar.

Ta ce, "Yaya, ka tabbata?"

Ya ce, "Shuka kawai. Ni ne na ba ki."

Shi da Naomi kowa ya shuka irin a rumfarsa. Da tumatir ya fara fure, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa ta gefe ɗaya. Da rana shukar ta langaɓe. Suka ƙara ruwa, suka yi feshi, a banza. Baba ya tsaga kara ɗaya, ya ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Nan ya gane cutar yaushin ce.

'Yan tsirarun da suka tsira ba su cika ko kwando ba. Shi yana da fansho. Naomi fa?

Wallahi abin tausayi, ranar da ya je Kawo ya tarar tana kwance ledar rumfar za ta sayar. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin.

Ta ce, "Yaya, ga sauran irinka. Kada ka ba kowa."

Darasi: Taurin kanka ba kai kaɗai yake kayarwa ba, har da wanda ya yarda da kai. Ka tambaya kafin ka raba abin da ba ka sani ba. Ku tura wa manoman da kuka sani kafin su shanya iri bana.